Kafin a Haƙa Harsashi: Sharhi daga Darna Sabon Gari

 Ina gaida mutanen Darna Sabon Gari da na Darna Tsolawo, da na Araba, Kalmalo, Damba, Gidan Hamma, Tozai da cikin garin Illela, har da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka a Birnin Ƙonni waɗanda muryarmu ke isa gare su.

A watan Oktoba na 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri, kuma a nan ƙasar Illela bakin hanyar yake. Tsawonta kilomita 1,068. Za ta ratsa jihohi bakwai, daga Sakkwato ta bi Kebbi, Neja, Kwara, Oyo da Ogun, ta dire a Legas. Kason jiharmu kilomita 120 ne, na Kebbi 258, kuma da kankare ake shimfiɗa ta maimakon kwalta. Dattawanmu sun san zancen wannan hanya ba na yau ba ne, tun zamanin mulkin marigayi Alhaji Shehu Shagari ake yin sa. Yaron da aka haifa a lokacin da aka fara maganar, yau furfura ta fara fito masa a gemu.

Muna fatan wannan karon a gama. Amma fata kaɗai ba ta taɓa gama aiki ba. A 2011 wani kwamitin shugaban ƙasa, ƙarƙashin jagorancin Ibrahim Bunu, ya ƙirga ayyukan gwamnatin tarayya da aka fara ba a kammala ba, ya samu 11,886. Na tarayya kaɗai ke nan. Ba a sa na jihohi ba, ba a sa na ƙananan hukumomi ba, balle masallacin unguwa da ya tsaya a linta, ko shagunan da wani bawan Allah ya fara a bakin kasuwa ciyawa ta cinye su. Da yawa mukan ce sata ce ta jawo, kuma lallai akwai sata. Sai dai na ga ayyukan da babu wanda ya ci ko sisin kwabo a cikinsu, mutanen kirki ne suka riƙe kuɗin, amma duk da haka suka mutu a hanya. Abin da ya kashe su rashin sanin yadda ake tafiyar da aiki ne. Ilimi ne mai zaman kansa, ana karanta shi a jami'o'i, akwai ƙungiyar masanansa ta duniya da aka kafa a Amurka tun 1969. Amma ginshiƙansa ba su fi ƙarfin manomi ko ɗan kasuwa ko uwargida ba, kuma wanda ya san su ya san tambayar da zai yi wa ɗan kwangila, da kansila, da shugaban kwamitin masallaci. Wannan shi ne dalilin sharhinmu na yau.

Da farko a bambanta abu biyu da mukan haɗa. Akwai hidimar yau da kullum, akwai aiki mai wa'adi. Cin kasuwar Illela kowace Lahadi hidima ce mai maimaituwa: a kawo shanu da raƙuma da albasa da hatsi, a saya a sayar, a watse, mako ya zagayo a sake. Ba ta da ranar gamawa, kuma ba a so ta samu. Amma in aka ce za a gina sababbin rumfuna a kasuwar, ko a zagaye kara da katanga, to wannan aiki ne mai farko da ƙarshe, mai kuɗi ƙididdigagge, wanda in an gama shi za a ga wani abu a tsaye da babu shi a da. Duk aikin da aka fara ba a faɗi ranar gama shi ba, an riga an sa masa ƙafa a hanyar zama kango.

Kakanninmu fatake sun san wannan sarai. Ayarin da ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja sayen goro yakan yi watanni a hanya, da jakuna da kaya da rayukan mutane masu yawa. Ba a tashi sai an san wane ne madugu, wanda maganarsa ce ta ƙarshe kuma wuyansa ne ke ɗauke da alhakin kowa. Akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya, akwai uban dawaki mai kula da kuɗin da ake biya a garuruwan da za a ratsa, akwai malamin ayari mai rubutu da lissafi. An san zangon da za a kwana, an san kogin da dole a haye kafin ya cika. Abin da masana na zamani suka yi shi ne sun zuba irin wannan hikima a takarda, suka ba kowane sashe suna, domin wanda bai gada ba ma ya koya. Manajan aiki shi ne madugun yau. Tambayar farko da za ka yi a kan kowane aiki ita ce: wa ke riƙe da shi? Mutum guda, mai suna, wanda za a iya zuwa a same shi. In aka ce maka “kwamiti ne,” ka ce to wane ne a cikin kwamitin zai amsa in gini ya tsage.

Sai iyakar aiki, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a nan yawancin ayyukanmu ke karyewa.

Iyakar aiki ita ce a faɗi dalla-dalla abin da za a yi, a kuma faɗi abin da ba za a yi ba. Mu ɗauka mutanen wata unguwa a Darna Sabon Gari sun yi karo-karo za su gina aji biyu a makarantar Islamiyya. Kowa ya ce madalla. To amma aji biyun nan, tsawonsu nawa, faɗinsu nawa? Bulo inci tara ko inci shida? Da silin ko babu? Daben siminti ko tayil? Tagogi nawa, na ƙarfe ko na katako? Benci da allo suna cikin kuɗin? Ban-ɗaki fa? In ba a zauna an amsa waɗannan a rubuce ba, kowane mutum da ya ba da kuɗinsa yana da nasa ginin a cikin kansa, kuma ba iri ɗaya ba ne. Liman yana ganin aji da silin da fanka. Birkila yana ganin bango huɗu da kwano. Ranar da za a yi rigima tana nan tafe, ba a dai sa mata rana ba.

Ko an rubuta ma, akwai wata cuta mai shiga a hankali. An haƙa harsashi, an fara jera bulo, sai wani mai faɗa-a-ji ya zo dubawa ya ce, “Tunda an zo nan, ai gara a ƙara ɗan ofis na malamai.” Babu mai iya musa masa, kuma maganarsa ba ƙarya ba ce, ana bukatar ofis. Bayan mako biyu wani ya ce a fitar da baranda saboda rana. Wani ya ce a ƙarfafa ginshiƙai ko nan gaba za a ɗora bene. Kowace shawara mai kyau ce in ka ɗauke ta ita kaɗai. Amma kuɗin aji biyu aka tara. Sai a wayi gari bango ya kai linta, asusu ya ƙare, damina ta sauka a kan ginin da ba rufi, yara kuma suna nan a ƙarƙashin bishiyar da suke tun farko. Wannan kumburin aiki ba a ƙauye kaɗai yake ba. Shahararren gidan kiɗa da wasanni na birnin Sidni a Ostareliya an fara gina shi a 1959 tun ba a kammala zanensa ba. An yi kiyasin dalar ƙasar miliyan 7, a gama a 1963. Ba a buɗe shi ba sai 1973, bayan ya ci miliyan 102. Su suna da aljihun da ya jure. Mu ba mu da shi.

Ba ana nufin kada a taɓa canza komai ba. Ana canzawa, amma ta ƙofa. Duk wanda ya kawo ƙari, a tambaye shi abu uku a gaban jama'a: nawa zai ci, kwana nawa zai ƙara, wa zai biya? In an amsa, aka yarda, a rubuta a sa hannu. In ba a amsa ba, a ajiye shawarar sai kashi na biyu. Na san da nauyi a ce wa babba “Alhaji, a dakata tukuna.” Shi ya sa ake kafa ƙa'idar tun ranar farko, kowa ya ji, don in ranar ta zo ƙa'ida ce ta hana, ba wani yaro ba.

Iyakar aiki tana ɗaure da abu biyu, lokaci da kuɗi. Ukun nan ba a taɓa ɗaya sauran su zauna lafiya. Ka faɗaɗa aiki, dole ka ƙara kuɗi ko ka ƙara kwanaki. Ka ce a gama kafin Sallah alhali aikin na wata huɗu ne, dole ka ƙara ma'aikata, kuɗi ya hau. Ka rage kuɗi, dole ka rage aiki. In kuwa mai aiki ya dage cewa shi fa yana son babba, da sauri, da araha, to akwai abu na huɗu da zai biya bashin a ɓoye, shi ne inganci.

Ku je inda ake buga bulo ku tsaya ku gani da idonku. Buhun siminti kilo 50 ne, bai canza ba. Abin da ke canzawa shi ne yawan yashin da ake tula masa. In an matsa wa mai bulo a kan farashi, ba zai yi gardama ba, zai ƙara yashi ne kawai, buhu ɗaya ya haifi bulo fiye da ƙima. Ka ɗauki irin wannan bulo ka murza gefensa da babban yatsa, sai ka ga yana zuba kamar gari. Sannan ga ban-ruwa. Siminti ba bushewa yake so ba, jiƙa yake so. Da ruwa yake yin ƙarfi. Ƙa'ida ita ce a yi ta ba kankare ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da injiniya ya yi lissafi da shi. A nan ƙasarmu, a watan Afrilu, rana na tsakar ka, ruwa kuma sai an saya wurin 'yan garuwa jarka-jarka. In ba a sa kuɗin ruwan nan a kasafi ba, lebura zai yayyafa sau ɗaya da safe ya tafi. Ranar buɗe gini ba mai ganin bambanci, fenti ya rufe komai. Sai damina ta biyu ake gani. Don haka inganci ma a rubuta shi tun farko: bulo nawa a buhu, rodi mai kauri nawa, kwana nawa na ban-ruwa, kuma wa zai tsaya ya tabbatar.

Yanzu jadawali. Kafin a ce aiki zai ɗauki wata kaza, sai an farfasa shi gunduwa-gunduwa, har kowane gutsure ya zama abin da za a iya ba mutum guda a ce masa nawa, kwana nawa. “Gina aji” ba a iya ƙiyasta shi. Amma share fili, haƙa harsashi, zuba kankare, buga bulo, jera bulo, ɗaura linta, kafa katakon rufi, buga kwano, sa ƙofofi da tagogi, filasta, daɓe, fenti, kowanne birkila ko kafinta ko mai walda zai gaya maka kuɗinsa da kwanakinsa. A nan ne ake gano abin da aka manta: kuɗin tifar yashi, kuɗin mai gadi, hayar katakon da ake tallafe linta da shi. Wani injiniya ɗan Amurka, Henry Gantt, shi ya yaɗa dabarar zana wannan a takarda wajen shekarun 1910: ayyuka a jere daga sama zuwa ƙasa, makonni a jere daga hagu zuwa dama, kowane aiki a ja masa layi daga ranar farawa zuwa ranar gamawa. Ba ya bukatar kwamfuta. Bayan kwalin taliya da biro sun isa, a manna a jikin bango inda kowa zai gani.

In ka zana, za ka lura da wani abu mai amfani ƙwarai. Wasu ayyukan suna jiran juna, wasu ba sa jira. Ba a jera bulo sai harsashi ya kama. Ba a ɗaura linta sai bango ya tashi. Ba a rufi sai linta ta yi ƙarfi. Ba a filastar ciki sai an rufe. Wannan sarƙa, wadda ta fi kowace tsawo daga farko zuwa ƙarshe, ita ce kashin bayan jadawali, kuma ita ke yanke ranar gamawa. In kafinta ya makara kwana uku, ginin duka ya makara kwana uku, babu makawa. Amma mai walda da aka ba tagogi tun makon farko, ko ya yi jinkirin mako biyu ba abin da ya ɓaci, muddin ya kawo kafin a zo filasta. Yana da sarari, kafinta ba shi da shi. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya fara aiki da wannan lissafi a 1957 don gyaran masana'antunsa, kuma har yau da shi ake gina gadoji da filayen jirgi. Amfaninsa ga mai ƙaramin aiki shi ne ya san inda zai kai ƙafarsa da safe. Sau da yawa za ka ga shugaban kwamiti ya tafi yana faɗa da mai fenti, alhali katakon rufi bai ma taso daga Sakkwato ba.

Jadawalin da aka zana a ofis mai sanyi, ba a tambayi mutanen wuri ba, ƙarya yake yi. Mu nan mun san daga Yuni zuwa Satumba lebura yana gona, kuma tifa ba ta shiga wasu hanyoyin. Mun san da kaka kowa na wurin girbi, bayan kaka samari da yawa sun tafi cin rani, wasu sun koma fadama wurin albasa. Ranar Lahadi kasuwa ta kwashe rabin ma'aikata. Da azumi aikin rana yakan ragu. Wanda ya lissafa kwana 30 a wata, kowace rana cikakkiya, ya yaudari kansa tun bai fara ba.

A cikin jadawalin ake sa zango-zango: ranar da harsashi ya kammala, ranar da aka kai linta, ranar da aka rufe. Amfanin zango shi ne ba ya karɓar “mun kusa.” Ko an kai ko ba a kai ba. Kuma a kansa ya kamata a ɗaura biyan kuɗi. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta tarayya ta 2007 ta ƙayyade kuɗin somin aiki da ake ba ɗan kwangila kada ya wuce kashi 15 cikin 100, shi ma sai ya kawo lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Daga baya an ɗaga adadin, amma hikimar tana nan: sauran kuɗi sai an auna aikin da aka yi a ƙasa. In gwamnati mai 'yan sanda da kotu ba ta yarda ta miƙa kuɗi duka a gaba ba, ina dalilin da kai za ka ɗauki kuɗin marayu ko na jama'a ka damƙa wa magini gaba ɗaya saboda kuna sallah a sahu ɗaya? Rubutu ba zargi ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Sai haɗari, wato abin da bai faru ba tukuna amma yana iya faruwa. Mu mutanen bakin iyaka ba sai an yi mana dogon bayani ba. A Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020, tana cikin huɗun farko da aka buɗe. A Yulin 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka sake rufewa, sai Maris na 2024. Duk wanda ya fara gini yana dogara da cinikin tsallake, ko da kuɗin da ɗan'uwa zai aiko daga Ƙonni ko Tawa, ya ji a jikinsa. A farkon 2023 takardar naira ta yi wuya, mai aiki na da kuɗi a banki amma ba abin da zai miƙa wa lebura da yamma. A Mayun shekarar aka cire tallafin mai, kuɗin tifa ya tashi. A farkon 2024 siminti ya yi tashin gwauron zabo, duk da ga masana'antarsa nan a Kalambaina kusa da mu. Ga canjin sefa da ke hawa da sauka. Ga matsalar tsaro da ta hana ma'aikata kwana a wasu ƙauyuka.

Babu wanda ya isa ya hana waɗannan. Abin da ake nema shi ne a zauna tun farko a jera su, a tambayi kowanne: yaya yiwuwarsa, in ya faru yaya ɓarnarsa, me za mu yi? Wani haɗarin ana kauce masa, kamar a sayi siminti da kwano tun kuɗi na hannu in akwai wurin ajiya marar laima, tare da sanin cewa siminti ba ya son daɗewa. Wani ana rage shi, kamar a yi rufi kafin Yuni. Wani kuwa sai dai a tanadar masa, shi ya sa masu lissafin gini ke ware kuɗin ko-ta-kwana, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin 100, wanda ba a taɓawa sai da dalili. Wasu na ganin lissafa musiba kamar kiranta ne, ko rauni ne a tawakkali. Malamanmu ba su koyar da haka ba. Sun ce a yi sababi sannan a dogara ga Allah.

Akwai kuma mutane. Masu ruwa da tsaki su ne duk wanda aikin zai taɓa, ko shi zai iya taɓa aikin, ko an gayyace shi taro ko ba a gayyace shi ba. Wanda ke son ya san farashin mantawa da su ya tuna Bakolori. An gina madatsar a kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, lokacin tana cikin tsohuwar jihar Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, aka kammala a 1978. Ta fuskar injiniya an yi aiki: ga bango, ga ruwa, ga magudanai. Amma manoman da ruwa ya cinye gonakinsu da gidajensu, da waɗanda aka karɓe filayensu don shimfiɗa magudanai, sun yi ta kuka a kan diyya da filin da aka yi musu alkawari. Na ƙasa da madatsar kuma suka rasa ambaliyar da ke jiƙa musu fadamar shinkafa. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A Afrilun 1980 aka tura 'yan sanda, aka rasa rayuka masu yawa. Har yau tsofaffin yankin ba su manta ba. An auna ƙasa, an auna ruwa, ba a zauna da mutanen da ke rayuwa a kansu ba.

Mai ruwa da tsaki yana iya kasancewa a wata ƙasa ma. Ruwan tafkin Kalmalo daga tsallake yake gangarowa ta kogin Maggiya, kuma akwai madatsu a kansa a ɓangaren Nijar da ke ba gonakin noman rani na Ƙonni ruwa. Duk wanda zai tsara noman rani a Kalmalo bai sa wannan a lissafi ba, ya bar rabin aikin a waje. Saboda irin haka ne ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri a 1990 kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kansa, har da na Maggiya.

To mu dawo kan babbar hanyarmu da wannan ido. Manomin da ta bi ta gonarsa mai ruwa da tsaki ne: an auna gonar a gabansa, an gaya masa nawa, da yaushe? Makiyayi ma haka: ina burtalin da shanu za su tsallaka hanya mai faɗi irin wannan, musamman masu zuwa kara ranar Lahadi? Ina ruwan damina zai bi in an ɗaga hanya, kwalbatoci nawa aka tanada, kada gonar da ba ta taɓa cin ruwa ba ta koma tafki? Yaran da makarantarsu ta faɗa wancan gefen fa? Mata da ke zuwa ɗiban ruwa ko kai abinci gona, su ne suka fi kowa sanin hanyoyin ƙafa, kuma su ne ba a cika tambaya ba. Waɗannan tambayoyi ba adawa da aiki ba ne. Gyara tun ana zane kusan kyauta ne, gyara bayan an zuba kankare kuwa sai an fasa. Ina roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni su riƙa kai su gaba tun da wuri, a rubuce. Kuma doka ta ba mu dama: dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi bayanin kwangila, ta kuma ba ma'aikatar kwana 7 ta amsa.

Wannan ilimi ya ƙara zama dole ga kansiloli da ma'aikatan ƙaramar hukuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi a riƙa ba su kai tsaye. Kuɗi in ya zo hannun wanda bai iya tsara aiki ba, kangaye ne za su ƙaru. Kowane aikin mazaɓa, ko kwalbati guda ne, ya kamata a kafa masa allo: sunan aiki, mai kwangila, kuɗi, ranar farawa, ranar gamawa, da jami'in da ke sa ido.

Saura rufe aiki, wanda kusan kullum ake tsallakewa. Yanke kyalle da ɗaukar hoto ba shi ne rufewa ba. Rufewa ita ce a ɗauko takardar iyakar aiki ta ranar farko, a zagaya da ita, a duba ɗaya bayan ɗaya: an ce taga shida, ga shida, an ce silin, ga silin, ƙofa tana kulluwa, kwano ba ya yoyo. Abin da ya rage a rubuta, a ba da kwanaki. A kwangilar gini ta ƙa'ida akan riƙe wani ɗan kaso na kuɗin, sau da yawa kashi 5 cikin 100, har wata shida ko shekara, don in wani aibi ya fito magini ya dawo ya gyara da kuɗinsa. A wurinmu ni dai ina ganin kada a saki wannan kaso sai gini ya ga damina guda.

Daga nan sai tambayar da ta kashe rijiyoyin burtsatse masu yawa a ƙauyukanmu: an gama, to na wane ne? Ku duba tankunan ruwa masu sola da ke tsaye ba ɗigo. Da yawansu ba wata babbar ɓarna ba ce, famfo ne ya ƙone, ko waya ta tsinke, ko ƙura ta rufe faifan sola ba mai gogewa. Wanda ya gina ya tafi, jama'a na jiran gwamnati, gwamnati na ganin ta miƙa. Kafin mai haƙa ya kwashe kayansa, a tsayar da mutanen da za su riƙe rijiyar, da mata a cikinsu tunda su ne masu amfani da ita kullum. A karɓi takardar da ta nuna zurfinta, da irin famfon da aka sa da ƙarfinsa, da lambar mai gyara. A koya wa matasa biyu na unguwa ƙananan gyare-gyare. A yanke ɗan abin da za a riƙa biya a kan jarka, a san hannun da yake shiga, a riƙa karanta lissafin a bainar jama'a duk wata, don ranar da famfo ya tsaya a samu kuɗin gyara a cikin mako, ba sai an jira shekarar zaɓe ba.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba mu zaman lafiya a iyakarmu da ƙauyukanmu.